Tsutsa a Kunnen Karfasa

Maharazu ya daki rufin kamiyo, babbar motar kaya, da tafin hannu, ya sake duka da ƙarfi, kafin Labo ya taka birki. Ruwan da ke cikin gangunan ƙarfe ya yi tambal-tambal ya fantsamo, ya jiƙa masa wando har gwiwa.

"Mi ya faru kuma, Mushe?" Labo direba ya leƙo da kai ta taga, yana kiransa da laƙabin Faransanci da ake kiran ma'aikatan gwamnati da shi. "Yanzu munka baro Cadawa. In dai haka za mu riƙa tsayawa, sai mun iske an naɗe tabarmi an watse."

"Kashe motar ka hawo, Malam Labo. Zo ka gani."

Tun da sassafe suka taso daga Gidan Rumji, ɗauke da 'ya'yan karfasa cikin ganguna, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Maharazu ɗan Tibiri ne, ma'aikacin ruwa da daji, kuma shi ya reni kifayen nan da hannunsa. Baturen da ya koya masa aikin ya koma Faransa bara, ya bar masa kududdufan reno, da wata komar kamun kifi da ta sha ɗinki, da ɗan gilashi mai ƙara girman abu, wanda Maharazu ke ratayawa a wuya kamar laya. Yau ƙasa ta cika shekara da samun mulkin kai. Mutanen Marken Tudu, wani ƙauye gab da Gazawa, sun kwashe rani guda suna yashe tafkinsu da fartanya da ƙwarya, damina ta cika shi, kuma an shirya sabon kumandan, mai mulkin yankin, da kansa zai zuba kifin gwamnati a ciki bayan azahar.

Labo ya hawo yana nishi, ya leƙa ganga. Kifayen duk sun taso sama, bakunansu a buɗe suna haɗiyar iska. Wasu suna goga jiki da bangon ganga kamar akuya mai ƙaiƙayi. A ganga ta ƙarshe kuwa, wasu har sun juya farin ciki sama.

"Zafi ne," in ji Labo. "Ni ma da ke cikin inuwa na jigata."

"Ba zafi ba ne. A Maraɗi na sake musu ruwa, taɓa ka ji, har yanzu da sanyinsa."

Maharazu ya sa hannu ya kamo ɗaya, ya ɗaga marfin kunnensa da farce. Naman da ke ƙarƙashi, wanda kifi ke numfashi da shi, ya kamata ya yi ja kamar jan goro. Wannan ya koɗe, ya kumbura, yauƙi ya lulluɓe shi. Ya ɗauki wani da ya riga ya mutu, ya yanko ɗan naman kunnen da reza, ya ɗora a kan gutsuren gilashi, ya ɗiga ruwa, ya juya baya ga rana. Ya daɗe a sunkuye yana dubawa da gilashin wuyansa. Da ya ɗago, sai ya miƙa wa Labo gilashin wuyansa.

"Rufe ido ɗaya. Matso da shi. Kada ka yi numfashi a kai."

Da farko Labo bai ga komai ba sai hazo. Can sai ya zabura. Wasu abubuwa ne sirara, farare, shimfiɗaɗɗu, ba su kai ƙwayar gero ba. Kowanne ya kafa gindinsa a naman kunnen, sauran jikin yana miƙewa yana lanƙwasawa kamar matsattsaku.

"A'uzu billahi! Rawa suke! Waɗannan ai sun fi mu murnar ranar."

"Tsutsa ce," in ji Maharazu. "Tana da ƙugiya a gindi, da ita take maƙalewa. Tana cin fatar kunnen har kifi ya kasa numfashi. A babban ruwa ba ta cika yin yawa ba, amma da an matse kifi wuri guda don tafiya, sai ta samu yadda take so. Kuma ƙwai take zubarwa cikin ruwa."

Labo ya mayar masa da gilashin, ya goge hannu a riga. Ya dubi rana, ya dubi hanya.

"To, Mushe, ni ga tawa shawara. Mu taka mota. Kumandan ba zai buɗe kunnen kifi ba. A zuba, a yi guɗa, a ci tuwo, mu juyo. Abin da ya faru bayan nan, ai ruwa ya rufe shi."

"Ruwa ba ya rufe mataccen kifi, Malam Labo, sama yake turo shi. Jibi war haka tafkin zai yi fari da gawa. Mutanen da suka yi rani suna ɗaukar laka a ka za su ce kifin gwamnati mugun abu ne. Ko na kawo musu lafiyayye baɗi, da sanda za su kore ni."

"To mine ne maganinta?"

"Gishiri. Mai yawa."

Labo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce yau ba ranar kasuwar Cadawa ba ce, masu gishiri duk sun tafi kallon fareti, man da ke cikin mota kuma iyakarsa Gazawa. Maharazu ya hau kan ganga ya tsaya, ya kare ido da hannu yana duban daji. Gero ya yi kore shar ko'ina, ya kai ƙugu. Can arewa da hanya, inda gonaki suka ƙare, ya hango jajayen shanu da hayaƙi siriri.

"Inda akwai shanu a damina, akwai gishiri," in ji shi. "Sauka daga hanya."

Rugar ba ta da girma. Wani dattijo dogo, mai malfa da sanda a kafaɗa, ya tsaya yana kallon kamiyo na tangal-tangal cikin yashi har ya iso. A bayansa, kusa da wata rijiya, shanu sun kewaye kwamin itace suna lasa. Maharazu ya diro, ya cire hularsa ta aiki, ya yi sallama.

"Jam," in ji dattijon. Ya ce sunansa Sajo. Idonsa na kan kakin Maharazu. "Ba mu sare itace ba. Shanu kuma an ƙirga su."

"Ba wannan ya kawo ni ba, Baba. Roƙo na zo. Gishiri nake nema, ina da marasa lafiya a mota."

"Mutane?"

"Kifi."

Sajo ya juya ya faɗa wa matarsa wani abu da Fillanci. Matar, Kadi, wadda ke wanke ƙwarya a bakin bukka, ta rufe baki da hannu tana dariya. Amma Sajo ya taka ya leƙa gangunan, ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ya san dabbar da numfashi ke yi wa wuya.

"Ina za ka kai su?"

"Marken Tudu."

Fuskar Sajo ta sauya. Ya sauke sandarsa ya dogara a kai.

"Ashe su ne. Tafkin nan, ubana ya shayar a wurin, ni ma na shayar. In ruwa ya ɗauke, nan muke bi. Bana yarona ya je, ya iske an kewaye shi da ƙaya. Sunka ce na kifin gwamnati ne, saniya ba ta shiga. Yanzu kifin da ya hana shanuna ruwa, shi ne zan ba gishirin shanuna?"

Labo ya ja rigar Maharazu, alamar su tafi. Maharazu bai motsa ba. Bai san da zancen ƙayar ba, amma bai ɓata lokaci wajen mamaki ba.

"Baba, ba ni na ce a sa ƙaya ba, kuma wanda ya sa bai san karfasa ba. Kashin shanunka shi ke sa ruwa ya yi kore, koren nan kuwa shi ne tuwon kifin. Tafkin da shanu ke sha ya fi ƙiba. In an bar musu mashaya gefe guda, kowa ya huta."

"Haka kake faɗi nan, don kana son gishiri."

"Haka zan faɗa can, gaban maigari da kumandan, da irin wannan muryar. Ban ce za su yarda ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma faɗi kam zan faɗa, ko ka ba ni ko ka hana ni."

Sajo ya dube shi tun daga takalmi har kai. Sannan ya miƙa hannu, ba don gaisuwa ba, ya nuna gilashin da ke wuyansa.

"Nuna mani ciwon."

Maharazu ya nuna masa. Sajo ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa. Ya ce ya sha ganin irinta a hantar saniya, mai faɗi kamar ganye, amma bai taɓa zaton kifi ma yana da tasa ba. Ya shiga bukka ya fito da kantun gishiri guda da ba a taɓa ba, ya ajiye gaban Kadi. Maharazu ya sa hannu a aljihu, Sajo ya girgiza kai.

"Bar shi. Maganarka nake jira."

Kadi ta farfasa kantun ta zuba a turmi, ta daka har ya yi gari. Labo, da ya ga ba makawa, ya tuɓe riga ya kama guga. Aka jera manyan ƙore a inuwar wani gawo. Maharazu ya riƙa zuba gishiri yana motsawa, yana ɗanɗanawa da harshe, yana ƙarawa, har ya ji ya kai yadda aka koya masa. Ya kwaso kifayen da koma kaɗan-kaɗan ya saka. Suka haukace, suka riƙa zagaya ƙwarya kamar an watsa musu wuta. Ya durƙusa a kansu bai ɗauke ido ba. Da ya ga ɗaya ya fara karkacewa, sai ya kwashe su duka ya jefa cikin ruwan rijiya mai daɗi.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Kadi, da taɓarya a hannu. "Kifi ya fito ruwa ya yi wanka."

Aikin ya ci lokaci. Kowace ganga sai da aka juye ta cikin yashi nesa da rijiya, aka cuɗe cikinta da gishiri, aka ɗauraye, aka cika da sabon ruwa. Ganga ta ƙarshe ba ta cetu ba. Maharazu ya haƙa rami ya binne abin da ke ciki, ya tattake ƙasar da ƙafa. Waɗannan ma shi ya rene su, tun suna kamar ƙwayar shinkafa, amma bai tsaya jimami ba. Ya ɗebo ruwan ƙasan ƙwarya ya duba da gilashi. Tsutsotsin sun saki, sun dunƙule, ba mai motsi. Cikin gangunan kuwa kifayen sun koma ƙasa, sun rufe baki.

"Alhamdu lillahi," in ji Labo. "Sun warke. Mu tafi a zuba."

"Mu tafi dai," in ji Maharazu.

Bai gaya masa sauran ba. Gishiri ya kashe uwaye, amma bai taɓa ƙwai ba. Wanda ya maƙale cikin yauƙin kunne zai ƙyanƙyashe nan da 'yan kwanaki, kuma sai an maimaita wankan kafin a ce an rabu da ita. Ya zauna bisa murfin ganga, mota na girgiza shi, suka ratsa Agiye inda aka ƙawata bakin kasuwa da tutoci. Duk tsawon hanyar yana shirya abin da zai faɗa. Bai ji tsoro ba. Abin da ya dame shi kawai, kada a hana shi ƙarasa magana.

La'asar ta kusa lokacin da suka shiga Marken Tudu. 'Yan lakol, ɗaliban makarantar boko, da aka jera tun hantsi sun zube a inuwa, tutocin takarda sun yi laushi a hannunsu. Da aka hango kamiyo, sai makaɗa suka farka, kalangu ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Tafkin na nan shimfiɗe bayan gari, cike fal, da shingen ƙaya kewaye da shi, an bar ƙofa guda inda aka kafa rumfa.

Kumandan ya miƙe daga kujera. Mutum ne siriri mai tabarau, tsohon malamin lakol, cikin farin kwat da zufa ta jiƙa. Kusa da shi Maigari Yahaya ne, sai wani tsoho gajere mai faɗin ƙirji, Na'Allah, masuncin garin, wanda ya jagoranci yashe tafkin. An riga an tanadi sabuwar ƙwarya mai zane wadda kumandan zai zuba kifin da ita.

"Ka makara," in ji kumandan da Faransanci, a hankali, don kada jama'a su ji.

Maharazu ya amsa da Hausa, da murya sosai.

"Ranka ya daɗe, na makara, kuma na zo da magana. Kifi ya iso, amma ba zai shiga tafki yau ba."

Kalangu ya yi shiru daga gaba, shirun ya bi jama'a har baya. Maigari ya gyara rawani. Labo ya sulale ya koma bayan mota.

Maharazu ya faɗi abin da ya gani a hanya, da abin da ya yi, da abin da ya rage. Bai yi sauri ba, bai kuma ƙawata ba. Ya ce in aka zuba su yau, watakila su rayu, watakila ciwon ya dawo a cikin tafki, inda ba mai iya kamo su ya yi musu wanka. In an ba shi mako guda ko fiye kaɗan, zai zuba kifin da zai iya rantsuwa a kansa.

"Mako guda," in ji kumandan. Shi ma ya koma Hausa. "Ka san ranar yau? Ka san mutanen nan tun safe suke tsaye? Wa ya ba ka izinin sauya abin da aka tsara?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Wanda na saba tambaya ya koma ƙasarsu. Na waiga a hanya ban ga kowa ba sai ni."

Wani ya yi dariya a cikin taro, aka yi masa tsawa. Kumandan bai yi dariya ba, amma ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

Na'Allah ne ya matso. Ya tsaya gaban Maharazu.

"Yaro, 'ya'yana sun so tafiya Katsina cin rani, na riƙe su. Na ce ku tsaya mu yi tafki, kifi na zuwa, ba sauran yawo. Hannunsu duk ya yi kanta. Yau in ka koma da kifin ga, gobe da safe ba ni iske ko ɗaya a gida."

"Ba zan koma da shi ba, Baba. Ko na so, ba za su jure hanya ba. Nan za su zauna, ni ma nan zan zauna. Zo ka ga abin da nake gudar maka."

Dama ya ajiye naman kunnen da ya yanka da safe cikin 'yar kwalba da ruwa. Ya fito da shi ya ɗora a gilashi. Na'Allah ya sunkuya, ya yi ta gyara ido, sannan ya yi tsaki mai tsawo.

"Shekarar da tafkin Gazawa ya ja baya, mun ga tarwaɗa na hauka haka, kunne fari. Munka ce iska ce ta taɓa ruwan." Ya miƙe ya dubi kumandan. "Ranka ya daɗe, duba. Da ƙafafunta... a'a, ba ta da ƙafa ma, amma ta riƙe."

Kumandan ya karɓi gilashin. Ya duba yadda malami ke duba aikin ɗalibi, ba gaggawa. Ya tambayi yadda take yaɗuwa, ya tambayi ko tana kama mutum. Maharazu ya ce ba ta kama mutum, ko an ci kifin ba abin da zai faru, kifi kaɗai take kashewa. Kumandan ya mayar masa da gilashin.

"A ina za ka ajiye su? Gangunan nan na buro ne, ofishinmu, gobe ana bukatarsu."

Wannan ne Maharazu bai gama warwarewa ba. Ya buɗe baki zai ce a haƙa rami, sai wata mata ta yi magana daga cikin mata. Maijidda ce, matar Na'Allah, da zane a kafaɗa.

"In wurin ruwa mai sanyi ake nema, mi ya fi randa? Ina da biyu, ɗaya ba ta aikin komi."

Maharazu ya juya ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Inna, randa ta fi ganga sau nawa! Kaɗan-kaɗan a kowace, a inuwa, a sake ruwa kullum da na rijiya. Wanda aka zubar kuma a kai shi bayan gari, kada ya gangara tafki."

"Ni ma ina da," in ji wata. Wata ma ta ce tana da. Kafin maigari ya ce uffan, mata sun fara watsewa zuwa gida.

"Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe," in ji Maharazu.

"Akwai saura?"

"Gishirin da ya ceci kifin nan na wani makiyayi ne, Sajo, can yamma da Agiye. Na shanunsa ne ya ba ni, bai karɓi komai ba. Ya ce tun ubansa suke shayarwa a tafkin nan, bana aka tare su da ƙaya. Na yi masa alkawarin zan faɗa a gabanku: shanu ba sa cutar karfasa, ƙiba suke sa ta. A buɗe musu mashaya ta gefen arewa, inda ƙasa ke da tauri."

Maigari Yahaya ya ɓata rai. Ya ce su suka yi wahalar yashewa, Fulani ba su ɗauki ko ƙwarya ɗaya ta laka ba, kuma shanu in sun zo ba a tafki kaɗai suke tsayawa ba, har gonaki suke leƙawa. Wasu daga cikin maza suka goyi bayansa da ƙarfi. Na'Allah ya ce shi dai ya san Sajo, kuma tun yana yaro bai taɓa ganin tafkin nan ba tare da sawun shanu ba. Hayaniya ta tashi. Kumandan ya ɗaga hannu.

"Ba a yanke wannan a tsaye. Maigari, ka aika a kira makiyayin, ku zauna da shi da dattawa kafin kaka. Ni ma zan zo in ji." Ya juya ga Maharazu. "Ka faɗa. An ji."

Randunan suka fara isowa, wasu a ka, wasu mutum biyu na riƙe da su. Aka jera su ƙarƙashin manyan itatuwan marke da ke bakin gari, aka cika su da ruwan rijiya. Kumandan ya dubi takardar jawabinsa, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ɗauki ƙwaryar nan mai zane, Maharazu ya saka masa 'yan kifaye a ciki, ya taka har gaban randar Maijidda ya juye su a hankali. Makaɗa suka dubi juna, ba su san ko wannan abin kiɗa ba ne. Maijidda ta rangaɗa guɗa, sai kalangu ya bi ta. 'Yan lakol suka rera waƙar da aka koya musu, suna leƙen randuna.

Da zai shiga motarsa, kumandan ya yafito Maharazu.

"Zan rubuta cewa kifi ya iso Marken Tudu ranar da aka ce. Wannan gaskiya ne. In sun mutu a randa, kai za ka zo buro ka yi bayani, kuma ban san abin da zan iya yi maka ba."

"Ba za su mutu ba, ranka ya daɗe."

"Haka kake da tabbaci?"

"Wasu za su mutu. Mafi yawa za su shiga tafki."

Kumandan ya ɗan yi murmushi, ya rufe ƙofa, mota ta tashi.

Rana ta yi sanyi, jama'a suka koma wajen tuwo. Maharazu ya bi randunan ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa, yana rage kifi inda suka yi yawa. Samari biyu masu faɗin ƙirji irin na Na'Allah suna biye da shi da guga, duk inda ya nuna sai su zuba. Da ya iso randar Maijidda ya sa hannu zai rage, ta dafe bakin randar.

"A'a, Mushe. Waɗanga kumandan ya ba ni su da hannunsa. Faɗa mani dai abin da suke ci."

"Dusa, Inna. Ɗan kaɗan, abin da yatsu uku suka ɗauka. Amma ba yau ba, sai gobe."

"Baƙo ya kwana da yunwa a gidana?"

"Wannan baƙon haka yake so."

Ta yi ƙwafa, ta ɗauko faifai ta rufe randar, ta bar 'yar kafa ta iska.

Labo ya riga ya ɗaure gangunan da babu komai a ciki, ya tada mota. Ya leƙo ta taga, da ƙullin tuwo a gefensa.

"Mushe, da gaske kake ba ka zuwa? Ko tabarma ba ka taho da ita ba. In an tambaye ni a Gidan Rumji in ce mi?"

"Ka ce ina jinya. Ka biya ta Tibiri ka gaya wa mutanen gidanmu kada su jira ni. In za ka dawo kuma, ka taho da gishiri, kantu biyu. Ɗaya na kifi ne, ɗaya na Sajo."

Labo ya girgiza kai, ya ja mota. Maharazu ya naɗe hannun riga, ya karɓi guga daga hannun ɗan Na'Allah, ya tambaye shi wace rijiya ce ta fi ruwa mai daɗi a garin.